Gidan da Ba a Daka a Cikinsa

Ɗan ƙanwata ya same ni a zaure wata rana bayan la'asar, ina feƙe alƙalami. Ma'aikaci ne a Sakkwato, kuma tun da aka ba shi kujera mai juyawa gwiwarsa ta daina kaiwa ƙasa in zai gaida mutum. Ya ɗan rusuna, ya zaro waya.

"Kawu, na gama lissafi. Za ni gina gida a nan Sabon Birni, bakin hanyar Isa, in ɗauko Inna daga Kurawa ta huta."

Ya nuna mini yadda abin yake. Kana gaya wa wayar albashinka, ita kuma ta gaya maka girman gidan da za ka iya ɗauka in banki ya ba ka bashi, a riƙa cira duk wata har ka yi furfura. Tasa ta ce masa ɗaki uku da falo. Yana faɗa yana murmushi, kamar wanda malami ya yi wa istihara.

Na ce, "To, abin da za su ɗora a kai fa? Ba riba ba ce?"

"Haba Kawu, kuɗin hidima ne."

Na yi karatu gaban malamai da dama, ban taɓa jin inda canza wa abu suna ya halatta shi ba. Amma ba fatawa ya zo nema ba. Banki na son kafin alƙalami, shi kuwa ba shi da abin sayarwa sai gonar ubansa marigayi, wadda uwar ke nomawa. Mafi yawanta gadonsa ne, amma akwai tumunin uwar a ciki, kuma mai saye ya ce sai dai duka. Daga gonar nan take cika rumbunta da gero, ba ta taɓa miƙa wa kowa ƙwarya ba.

Muka tafi Kurawa tare. Shi ne ɗanta na fari, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi, balle ta yi musu da shi gaban mutane. Ya zauna ya yi ta zuba: tayil, famfo a cikin ɗaki, fanka. Ita tana tsintar wake, ta ba shi baya. Da ya gama ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Allah shi kyauta."

Muna fita ya tafa hannu. "Ka ji ko, Kawu? Ta yarda."

Na ce, "Kai, wanga shiru kunya ce. Bari in koma in tambaye ta ni kaɗai."

Na koma. Ta ce, "Yaya, in na ce a'a, a ce na hana yaron nan gida? Ƙyale shi." Na gaya masa yadda muka yi. Ya ce ai ga shi ta sake yarda. Mutumin da ya iya karanta waya, ya kasa karanta bayan uwarsa.

Aka sayar da gonar, gidan ya tashi, ba laifi. Sai dai don ɗaki uku da falon nan su shiga abin da wayar ta yanke, fili ƙarami ya saya, gini ya cinye shi kaf. Babu zaure. Baƙo ya yi sallama sai ya tsinci kansa gaban matan gida. Ɗan abin da ya rage na tsakar gida aka shafe shi da tayil mai santsi. Babu wurin rumbu, babu wurin ɗaure akuya.

Aka kawo ta bayan girbi, da turminta da sauran geron bara. Washegari da hantsi ta kafa turmi za ta yi fura. Ba ta yi nisa ba tayil ya tsage. Ɗan nata ya fito da gudu, ba takalmi, ya durƙusa yana shafa tsagar. Ranar ce na ga gwiwarsa a ƙasa.

"Inna, wannan na banki ne fa! Ban gama biya ba! Ki riƙa kaiwa inji."

Ta kife turmin a gefe. Daga baya aka daina maganar inji ma, don abin da banki ke bari a albashi ba ya kai su tsakiyar wata, kuma gero yanzu sai a kasuwa, mudu-mudu.

Da azumi ya matso sai ga ta a ƙofar gidana, an ɗauko mata turmin a baro.

"Yaya, akwai ƙasa a gidanka?"

Na ce akwai. Na ba ta ɗakin da ke kusa da rumbu, na yankar mata gefen gonata ta Tsamaye. Tana nomawa, amma duk kaka sai ta auno mini wani abu, don ta ce gonar ba tata ba ce.

Shi kuwa yana zuwa gaishe ta ran Juma'a. Har yau yana gaya wa mutane lissafinsa bai yi kuskure ba, Inna ce ba ta saba da zamani ba. Ita tana daka, ta ba shi baya.