Gayyar takin da muka yi wa Malam Habu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar abokina Malam Habu, malamin aikin gona na sakandaren garinmu, arewa da Ɗambatta. Allah ya jiƙansa. Har yau idan na ga jaki da mangalar taki sai dariya ta zo mini, kunya na biye da ita.

Shi ne ya kafa rumfar leda a makaranta, ya jera bututun roba, yana koya wa ɗalibai shuka latas da tumatir a cikin ruwa zalla da ɗan takin zamani narkakke. Hujjarsa ita ce gonakinmu kullum gado yana yanka su, wata rana yaran nan ba za su samu ko kunya goma ba. Shugaban makaranta ya ce idan shukar farko ba ta yi ba, rumfar za ta koma wurin ajiye kekuna.

Mu dattawa kuwa tausayi ne ya kama mu. Muka ce baƙo ne, ba shi da gona, nauyin baki ya hana shi roƙon ƙasa da taki. Sai muka kira gayya ranar Asabar ba da saninsa ba, har da fura, jakuna suka kwaso taki. Muka ɗura wa kowane bututu ƙasa da takin awaki mai kyau, muka koma gida muna jiran godiya.

Bututu suka toshe, shuka ta kwanta. Da Malam Habu ya zo ya gani, sai ya ce mini, "Baba Idi, Allah ya saka da alheri. To, wanda ya kira gayyar zubawa shi zai kira ta kwashewa."

Haka aka yi. Muka wanke bututu da furfurarmu, yara suna gyara mana kuskure. Da shugaban makaranta ya ga iyayen gari tsugune a rumfa, bai sake maganar kekuna ba.

Da Malam zai leƙo yau, zai tarar gonata ta zama filoti, an gina gidaje. Ban san ko zai yi murna da cikar maganarsa ba. Amma zai ga ɗalibarsa, 'yata Rabi, ta jera bututu a jikin katangar gidanmu, daga nan muke cin miya.

Ta yarda in zauna a inuwarsu. Sai dai kafin in matsa kusa, takan ce, "Baba, buɗe hannunka in gani."