Matta Ba Ta Tashi Sai An Yi Rawar Tulu

A Kasuwar Muda Lawal, layin masu hatsi, in ka tambayi Matta ba kowa zai gane ba. Ka ce Maman Roda mai acca, nan take za a nuna maka rumfarta. Za a kuma ƙara maka da cewa in yau akwai wasa a wani lungu na garin Bauchi, kada ka wahalar da ƙafarka, ba ta nan.

An haife ta a wani ƙauye na wajen Bogoro, inda rawa ba ta da ƙofa balle mai tsaron ƙofa. Ana gama girbi sai a fito fili, a yi ta takawa har kiɗa ya gaji don kansa. Aure ne ya kawo ta Bauchi. Ta biyo mijinta Luke, mai gyaran famfo, suka kama haya a Yelwa a tsakiyar ɗalibai. A nan ta fara jin wani baƙon labari, wai mutum sai ya biya kuɗi kafin a bar shi ya kalli wasu suna rawa. Ta ɗauka zolaya ce. Da ta tabbatar gaskiya ne ba ta yi faɗa da kowa ba. Ta dai ƙudura a ranta cewa garin zai yi wasanninsa, ita kuma za ta gani, kuma ba accarta ce za ta biya ba.

Ta fara da coci. Wasan Kirsimeti kyauta ne, sai dai kowace shekara labarin ɗaya ne, mugun sarkin ma da gemun auduga ɗaya yake fitowa. Ta gwada bikin ƙarshen zango na makarantu, inda yara ke mance maganarsu su tsaya suna neman uwarsu a cikin taro. Ta gwada gidajen biki, ta ga a can ma anko ne tikiti. Sai da ta yi shekaru a haka kafin ta gano abin da masu kuɗin garin ba su sani ba: kowane wasa da ake sayarwa a ɗakin taro, an yi makonni ana yin sa a banza a wani wuri. Gwaji ake ce masa. Ba wanda ya taɓa tunanin sa wa gwaji farashi, domin ba wanda ya taɓa tunanin akwai mai son gani.

Saura sanin inda ake yi, shi kuma Azubuike ya ɗauke mata. Azubuike mai sayar da yadi ne a cikin kasuwar, ya daɗe a Bauchi har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari kaifi. Shi ya lura cewa duk wanda ya zo ya sayi jan yadi mafi araha da yawa, launi ɗaya, yana ciniki kamar zai yi kuka, to ɗan wasa ne. Sai ya tambaye shi inda suke gwaji, ya aiko wa Matta. Ita kuma in matarsa ta zo awon acca, mudun ba ya sauka sai ya yi tozo.

Luke bai taɓa hana ta ba, bai kuma taɓa fahimta ba.

"Ke kam, Maman Roda," in ji shi, "mutane na zuwa ganin gida in an yi masa fenti. Ke sai kallon kwaɓa siminti."

"Kai da ke wuni kana leƙen bututun bayan gidan mutane," ta ce, "kai za ka koya mini abin kallo?"

Ta hanyar Azubuike ta san 'yan gindin mangwaro. Wata ƙaramar ƙungiya ce da ke taruwa da la'asar a bayan wata firamare a Yelwa: ɗalibai, da mai keke ɗaya da ke buga ganga, da 'yan mata masu koyon ɗinki. Shugabansu Joel malamin makaranta ne, siriri, mai saurin fushi da saurin neman gafara. Ranar farko ya ga wata dattijuwa ta shimfiɗa ɗankwali a kan tushen mangwaro ta zauna, ya tambaye ta uwar wa ce. Ta ce ba uwar kowa ba ce, mai kallo ce. Ya ce ai ba a fara ba, gwaji ne. Ta ce ta sani, su ci gaba.

Wasan da suke haɗawa labarin ƙauyuka biyu ne masu rijiya ɗaya. Rijiyar ta ƙafe, maza suka zauna gardamar wa ya jawo, mata kuma suka tafi neman ruwa. Ƙarshensa rawa ce: matan sun dawo da tuluna cike a ka, suna takawa ba tare da sun riƙe ba. Ni'ima ce a gaba, wata doguwar ɗaliba mai wuya kamar an auna shi don wannan aikin. To amma a gindin mangwaro babu tulu. Bokitan fenti suke ɗorawa a ka. Joel ya ce tulu na fashewa, kuma ƙungiyar ba ta da abin sayen na biyu, don haka sai ranar wasa.

Wannan ne ya tsaya wa Matta a rai. Ta ɗauki tulu tun tana yarinya, ta san yadda ƙasa mai sanyi ke zama a kan gammo, da yadda ruwa ke magana a ciki in an juya. Bokitin fenti kuwa ko an cika shi bokitin fenti ne, da hoton jan gida a jikinsa. Ta kalli wasan nan sau ba adadi, ta haddace maganar kowa, ta san inda Joel zai dafe kai. Abu ɗaya ne ba ta gani ba, kuma shi take so.

Sai ga labari. Wata ƙungiyar 'yan kasuwa za ta yi bikin cika shekaru a wani sabon ɗakin taro a Gwallameji, ta ɗauki 'yan gindin mangwaro su yi wasan. Joel ya samo aron tuluna daga wata mai tukwane, da sharaɗin a mayar da su a ranar. Shiga kuma da tikiti.

"Mama, kada ki damu," in ji Joel. "Ki riƙo mana jakar kaya, mu shiga da ke ta baya."

"In tsaya ina kallon ƙeyarku? A'a, Malam. Ta gaba zan shiga."

"Tikitin fa da tsada."

"Na ji."

Da Luke ya ga tikitin da ta saya a kan tebur sai ya ɗauka ya juya shi, ya ce ashe ranar da ba a zata ba ta zo. Matta ta ce ya ajiye kada ya sa masa maiƙo. Ranar Asabar, ranar da ciniki ya fi tafiya, ta rufe rumfa tun da hantsi, ta ɗaura zanen da take zuwa taron zumuntar mata da shi, ta hau keke.

Ɗakin yana da sanyi kamar cikin firji. An sa wa kujeru riguna har da ɗamara. Layin gaba babu kowa, an ajiye shi don babban baƙo da mutanensa, saboda haka waɗanda suka zo da wuri suka zauna a baya suna kallon wasa ta saman kujeru marasa mutane. Matta ta samu gefe inda take ganin dandamali sosai. Da aka gaji da jira aka fara.

Wasan ya yi kyau. Jan yadin Azubuike a ƙarƙashin fitila ya zama kamar na kirki. Mazan ƙauye suka yi gardamarsu, mutane suka yi dariya a inda ya kamata. Rijiya ta ƙafe, mata suka fita. Mai ganga ya sauya kiɗa, Matta ta gyara zama, ta ji ƙaraurawar ƙafa tana motsi a bayan labule.

A daidai nan mai gabatarwa ya haye dandamali da gudu, ya ɗaga wa mai ganga hannu. Ya ce kowa ya miƙe, babban baƙo ya iso.

Babban baƙon bai samu zuwa ba, wakili ya aiko. Wakilin ya shigo da mutane masu yawa, aka cika layin gaba. Aka gabatar da shi, aka gabatar da waɗanda suka rako shi, aka nemi afuwar wanda aka tsallake aka koma aka gabatar da shi. Wakili ya karanta jawabi a kan muhimmancin al'ada. Ya ce al'ummar da ta bar raye-rayenta suka mutu ta yi asara, ya yi kira ga matasa su riƙe wasannin gargajiya hannu bibbiyu. Matasan suna bayan labule da tuluna a ka suna sauraro. Uban taro ya yi godiya. Aka ba da lambobin yabo, aka ɗauki hoto, aka raba shinkafa a roba. Daga nan wakili ya tuna yana da wani taron, ya tashi, layin gaba ya tashi, sauran ɗakin ya bi su da robobi a hannu. Mai gabatarwa ya gode wa 'yan wasa bisa ƙayataccen wasan da suka gabatar, ya ce lokaci ya ƙure, Allah ya kai kowa gida lafiya.

Matta ba ta tashi ba.

Ma'aikata suka fara tuɓe wa kujeru riguna suna jera su a bango. Suka kwashe na gabanta, suka kwashe na bayanta, har ta rage ita kaɗai a tsakar fili kamar kututture a gona. Manajan ɗakin ya zo, wani matashi da waya biyu a hannu.

"Mama, an tashi fa."

"Su suka tashi. Ni wasa na zo gani."

"Ai an yi wasan."

"An yi rijiya, an yi gardama. Ruwan fa? Ka ga ruwa ya iso?"

Manaja bai ga komai ba, yana waje lokacin. Ya ce ko ba ta samu shinkafa ba ne a kawo mata. Ta ce shinkafa a buhu take ganin ta kullum, ba ita ta rufe rumfa don ta gani ba. Ya ce akwai liyafar aure da za a yi a ɗakin, masu ado suna hanya. Ta ce Allah ya ba su zaman lafiya. Ya ce in kuɗinta take so zai yi magana da masu taron. Ta ce ba ta zo sayar da tikiti ba, saye ta yi, kuma rabin kaya aka auna mata.

"Ka taɓa zuwa awo aka ba ka rabin mudu, aka ce sauran babban baƙo ya iso?"

Aka kira Joel. Ya fito idonsa ja, ya durƙusa kusa da kujerarta.

"Mama, ki yi haƙuri. Haka suke mana kullum. Ki zo gindin mangwaro, mu yi miki shi daga farko har ƙarshe."

"Da tulu?"

Ya ce a'a. Mai tukwane tana jiran kayanta kafin magariba.

"To ka gani," in ji Matta. "Ina nan. In za su ɗauke ni, su haɗa da kujerar."

Manaja ya ce shi ba zai taɓa dattijuwa ba, amma janareta nasa ne. Ya aika aka kashe. Fitilu suka mutu, sanyin ya tsaya, aka buɗe manyan ƙofofi don ma'aikata su ga abin da suke yi. Hasken la'asar ya shigo ya kwanta a kan tayil.

Sai labule ya motsa, Ni'ima ta leƙo. Tulun yana kanta har yanzu, gefen rigarta ya jiƙe.

"Malam," ta ce wa Joel, "ruwan nan fa ba za mu zubar musu a ciki ba. Dole sai mun fita da shi waje."

"To ku fita da shi mana."

"Ta baya an tara kujeru. Sai dai ta nan." Ta nuna tsawon ɗakin da haɓa, tun daga dandamali har ƙofa. Sannan ta dubi manaja da ladabi. "Yallaɓai, akwai dokar yadda ake tafiya a ɗakin nan?"

Manaja ya ce shi dai su fita. Mai ganga, wanda ya riga ya rataya gangarsa zai koma kan kekensa, ya ce shi ma fita zai yi, kuma hannunsa ba ya amfani da janareta.

'Yan matan suka sauko ɗaya bayan ɗaya, hannuwa a sake, tuluna a ka. Tafiyar da mutum zai yi cikin numfashi kaɗan, suka ɗauke ta taku biyu gaba, ɗaya baya, su juya, su durƙusa, su miƙe. Ruwa yana kaɗawa a ciki, Matta tana jin sa a ƙarƙashin kiɗan. Ɗigo ya gangaro wa Ni'ima ta goshi, ba ta share ba. Ma'aikata suka tsaya da kujeru a hannu. Masu adon liyafa suka iso ƙofa da furannin roba, suka rasa ta inda za su wuce, suka tsaya su ma.

Da layin ya kai ƙofa bai tsaya ba, ya fita farfajiya ya yi da'ira a inda motar wakili ta tashi. Matta ta miƙe a karon farko. Ta kama kujerar ta ja ta ƙiii a kan tayil har bakin ƙofa, ta sake zama.

Manaja ya biyo ta da sauri, ya sha gabanta, ya fara bayanin cewa ba a fita da kujerun ɗaki waje.

"Ɗana," ta ce, ba ta ko dube shi ba, "matsa. Ka tare mini."