Karkataccen jerin dutsen Habsu

Shekara goma sha biyu ke nan da muka kai ƙanwata Habsu makwancinta, a ƙauyenmu da ke gindin tudu gabas da Keita. Na san masu karanta wannan shafi sun saba ganin sunayen manya a nan, to ku yi haƙuri da ni yau. Matar da zan ba ku labarinta ko sunanta ba ta iya rubutawa ba. Amma ta san wani abu da ni, da na yi shekara talatin ina koyar da ƴaƴan mutane, ban gane ba sai da na yi ɓarna.

Ni aka kai lakkwal, makarantar boko, ita aka bar ta gida. Na zama mushe, wato malamin makaranta, ita kuwa ta tashi a zamanin da proje, wani babban shirin raya karkara, ke farfaɗo da tuddanmu da suka zama fako. Kamyo, babbar motar kaya, ya juye duwatsu, mata su ɗauka a ka, su jera su a ƙetare gangare don su tare ruwan sama. A gabansu akwai maza biyu da dogon tiyo mai ruwa a ciki, kowane baki an ɗaure shi a jikin sanda mai zane. Inda ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu, wuraren nan biyu tsayinsu ɗaya ne, sai a kafa turke. Habsu ta yi wannan aiki da ɗiyarta ta fari, Rakiya, goye a baya. Wata rana na kai mata ziyara a wurin aikin, ta nuna mini masu tiyon da haɓa.

"Mushe, ka ga mutanen can? Ba su ɗaukar komi sai ruwa cikin roba, amma inda sunka ce, nan mu ka aje dutsi. Wagga ta bayana, tiyo za ta riƙa."

Na yi dariya, na ce Allah Ya sa. A raina ban ɗauki maganar da nauyi ba.

Da mijinta ya rasu, ya bar mata ƴaƴa uku da wata gona a gangare wadda aikin proje bai kai gare ta ba. Ba ta da tiyo, ba ta da mai riƙe mata. Abin da ta yi shi ne, duk sanda aka kece da ruwa, mutane na gudu ɗaki, ita sai ta fita gona. Ta tsaya tana kallon inda ruwa ke bi da inda yake tsayawa, tana ajiye ƙananan duwatsu. Da rani kuma ta bi alamun nan da manyan duwatsu, ta dasa gamba a gindinsu. Damina uku ta yi tana haka. Jerin da ta yi ya fito a karkace, ya shiga nan ya fita can kamar hanyar awaki. Duk zuwana hutu sai na tsokane ta, na ce da a ajina take da ta sha bulala saboda wannan layi. Ita kuma ta ce in ci tuwona in yi shiru, hatsin daga bayan karkataccen layin ya fito. Gaskiya ta faɗa, gonar nan ce ke ciyar da su huɗu, ita ce kuma ta bar Rakiya ta kai kwaleji.

Ciwon da ya ɗauke ta bai yi mako biyu ba. Abu biyu ta bar mini amana: kada a cire yarinyar daga makaranta, kada gonar ta fita hannun yara.

A nan ne zan faɗi laifina, don na gaji da ɓoye shi. Da rani ya zagayo, na zo hutu daga Urno inda nake koyarwa, na tsaya bakin gonar, na ce bari in yi wa marayun nan aiki irin na masu ilimi. Na samo igiya, na ja ta daga wannan iyaka zuwa waccan, na sa aka kwashe duwatsun Habsu aka jera su a miƙe sak kamar layin littafi. Rakiya, lokacin tana shekara goma sha biyar, ta ce mini a hankali, "Kawu, Inna ta ce a bar shi yadda shike." Na ce mata innarta ba ta yi lissafi ba. Har yau idan na tuna wannan amsa sai in ji kunya ta rufe ni.

Ƙasa ba takarda ba ce. Layina ya miƙe a ido, amma gefensa ɗaya ya fi ɗaya gangarewa. Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi ya bi jikin duwatsun ya taru a ƙasan, ya fasa, ya yanka rami a tsakiyar gonar, ya tafi da shuka da ƙasar da Habsu ta yi shekaru tana tarawa. A shekarar ko kwatan rumbu ba a samu ba.

Dangi suka zauna. Aka ce a sayar da gonar tun tana da sauran daraja, Rakiya kuma ta dawo gida ta riƙe ƙannenta. Ni da aka ba amana, ni da na jawo abin, na sunkuyar da kai ina shirin yarda. Yarinyar ce ta matso kusa da ni, ba ta ɗaga murya ba.

"Kawu, ku ba ni shekara huɗu. In na dawo ban gyara ta ba, ku saida."

Na ɗauki ƙannenta biyu na tafi da su Urno, aka bar gonar a kwance. Rakiya ta ci birebe, jarrabawar gama kwaleji, ta shiga makarantar koyon aikin gona. Duk hutu tana fadamun Sabon Gida tana dashen albasa, da abin da ta samu take sayen littattafanta. Sau biyu wani mai son sayen gonar ya aiko, sau biyu na ce a dakata. Ba don na tabbata za ta iya ba, sai don ba ni da fuskar da zan ce mata a'a.

Da shekarun suka cika ta dawo da tiyo a naɗe a kafaɗa. Da sassafe ta cika shi da ruwa, ta miƙo mini sanda ɗaya, ta ce in tsaya inda ta nuna, kada in motsa sai ta ce. Haka muka yi ta tafiya, tana duba zane, tana cewa in hau sama kaɗan ko in sauko, tana kafa turke. Mun kafa wajen ashirin sai na ga ta tsaya, ta juya tana kallon baya.

"Kawu, ku diba."

Na duba. Turakun ba su miƙe ba, sun shiga nan sun fita can. Kuma kusan kowane turke yana gindin tsohon kututturen gamba, gambar da Habsu ta dasa, wadda ban damu in tumɓuke ba ranar da na kwashe duwatsun. Abin da tiyo ya nuna, shi ne abin da ƙanwata ta gani da idonta tana tsaye cikin ruwa. Rakiya ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da mayafi. Ni ma na yi kuka, ban ɓoye ba. Washegari na naɗa gammo na ɗauki dutse a ka, karo na farko a rayuwata, ina ajiyewa inda ɗiyar Habsu ta ce.

Yau da Habsu za ta leƙo, me za ta gani? Za ta ga ramin ya cike, gamba ta yi tsawon mutum, hatsi ya dawo. Za ta ga ɗiyarta bisa babur tsakanin ƙauyukan Keita da na Buza, dattawa masu furfura na biye da ita suna tambayar inda za su jera dutse. Da albashinta ƙanenta ya koyi aikin famfo mai aiki da hasken rana, autar kuma tana lise, babbar sakandare, a Tawa. Rakiya kanta ba ta ce ta gama ba. Bana ta ci jarrabawar ƙarin karatu, tana son ta zama injiniya mai gina madatsun ruwa, don ta ce ta gaji da ganin ruwan Adar yana wucewa ba a ci moriyarsa ba. Na san Habsu ba za ta yabe ta a gaban mutane ba, ƴar fari ce, ko sunanta ba ta kira. Iyakaci ta ce yarinyar can ta yi ƙoƙari, sannan ta juyo kaina ta tambaye ni ina igiyata.

Abu ɗaya da na tabbata zai yi mata daɗi: duk ƙauyen da Rakiya ta je, kafin ta warware tiyo sai ta tara matan ta tambaye su inda ruwa ke bi a gonakinsu. Ta kan koya musu karanta zanen sandar, kuma ba ta barin garin sai mace ta riƙe ta da hannunta.

Habsu ba ta bar hoto ba, ɗakinta ma ya rushe tuni. Abin da ya rage nata shi ne yara uku da suka tsaya da ƙafafunsu, da gona da ba ta fita hannunsu ba. Amanar da ta ba ni, ɗiyarta ce ta cika ta, ni dai na riƙe sanda. Allah Ya jiƙan Habsu, Ya yafe mini abin da na yi wa aikinta. Na yi ritaya yanzu, ina zaune a Madawa, amma duk kaka nakan je gonar. Jerin yana nan a karkace. Idan na tarar dutse ɗaya ya gangaro, nakan ɗauka in mayar da shi daidai inda ya fito.