Man Gansakukar Surukina

Ko zan manta da komai na sana'ata, ba zan manta da ranar da injina ya sha gansakuka ba.

Injin niƙa gare ni a unguwar Bolori, da shi nake ciyar da iyalina. Ni kuwa mutum ne mai fargaba, ko ƙarar injin ta ɗan sauya sai na kasa cin abinci. A shekarar da dizal ya yi tsada har muka koma sayensa a kwalba kamar turare, surukina, mahaifin matata, ya ga wani bidiyo a waya: wai Turawa suna fitar da dizal daga gansakuka, koren nan da ke rufe ruwan kududdufi. Daga ranar Baba ya zama injiniya.

Ya kwaso gansakukar daga wani kududdufi a unguwar Ajilari, ya shanya a kan tabarma, ya daka, ya dafa da ragowar man suya, ya tace da tsohon kallabi. Wata safiya sai ga shi da jarka, mata sun yi layi da waken da za a markaɗa na ƙosan wani suna.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, buɗe tankin. Daga yau kai da gidan mai sai gaisuwa."

Kowa ya san ba a musu da suruki, ko idonsa ba a kallo. Na leƙa jarkar, abin kamar miyar kuka da ta kwana. Na rasa ta inda zan ce a'a, sai na kewaya: na ce ina tsoron ko ruwan kududdufin yana da najasa, kada ya shafi abincin mutane. Ya ce wuta ta tsarkake shi. Na ce ko mu bari bayan la'asar? Ya ce alheri ba ya jira. Da hannuna na riƙe masa mazurari, ina karanta duk addu'ar da na sani.

Injin ya tashi da ragowar dizal ɗin da ke cikinsa, Baba yana kallon matan yana murmushi. Can sai injin ya yi tari, ya fesa hayaƙi mai warin danƙo, ya yi shiru.

Wata tsohuwa ta ɗauki bokitinta, ta dubi Baba ta ce, "Malam, kai ma a ba ka wannan ka sha, mu ga ko za ka yi aiki."

Baba ya zagaya injin, hannuwa a baya, ya yanke hukunci: man ba shi da laifi, injina ne ƙauyanci ya yi masa yawa. Ya ɗauki jarkarsa ya tafi. Ni kuma, don kunya, har bakin titi na raka shi ina godiya.

Injin ya daɗe a wurin makanike, matan suka koma niƙa wurin maƙwabcina, wasu har yau ba su dawo ba. Daga baya na ji ashe da gaske ana yin man, amma a masana'anta, ba a tukunyar surukata ba.

Abin da na koya ke nan: zan durƙusa wa babba har gwiwata ta yi kanta, amma murfin tanki ba ya cikin gaisuwa.