Wa Ne Na Ƙarshe?

A kasuwar kifi ta birnin Kadis ba a yin layi. In ka iso sai ka tambaya wa ne na ƙarshe, ka riƙe fuskarsa. Encarna mai kifi tana kallon wani dattijo, riga a goge, maɓalli a karkace, yana rungume da kwandon cefane irin na mata.

"Wa ne na ƙarshe?" in ji shi.

"Ni ce, baba," in ji wata. Shi ke nan, hira ta ɓarke.

Encarna tana jin kwandon na marigayiya matarsa ne, kuma gida ya yi masa shiru.

"Ango, an zo kanka fa!" in ji Encarna, tana zolayarsa.

"Sallami wannan, 'yata, ba na sauri," in ji dattijon, yana nuna ta bayansa.

Sai ya juya wajen masu isowa yana murmushi. "Ni ne na ƙarshe."