Mutumin da Ya Haddace Busar Wani

A bayan shagon tabarau akwai wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, inda injin goge gilashi yake, ruwa na ɗiga a kan dutsensa. A nan Kawu Tabarau ya ci ƙuruciyarsa har furfura ta riske shi. Aikinsa shi ne ya karɓi gilashi mai faɗi, ya dinga rage shi a hankali har ya zauna daram cikin firam. Mutum ne mai haƙurin tsiya, wanda in gefen gilashi bai kwanta masa a rai ba sai ya koma kan dutse, ko da mai kayan ya ce ya yi haka nan. Yaran layinsu ne suka laƙaba masa sunan, har matarsa ma da shi take kiransa in tana jin tsokana.

Kiɗan jaz ya shige shi ne ta hannun wani tsohon likitan ido da zai bar gari, ya bar masa garmaho da akwatin faya-fayai. A cikinsu akwai na wani mabushin saksofon da ya daɗe da barin duniya. Kawu bai taɓa kiran sunan mabushin ba, Tsoho kawai yake ce masa, kamar wani kakansa. A irin wannan kiɗa makaɗa kan fara da karin da kowa ya sani, sannan su ja baya su bar mutum ɗaya ya ƙirƙiro nasa nan take. In an zo kan Tsoho, sai ya ɗan makara da gangan, kamar mai jiran a gama surutu, sannan ya shigo da murya ƙasa-ƙasa, ya hau, ya tsaya cak inda ba a zata ba, ya sauko ta wata hanya daban. Ranar farko da Kawu ya ji shi, abincinsa a gabansa ya huce.

Bai daɗe ba ya samo saksofon na hannu, tagullarsa ta dushe, maɓalli ɗaya ɗaure da roba. Ba malami, ba takarda, kunne kawai. Da ya dawo aiki sai ya shige ƙuryar ɗaki, ya ɗora allura a kan faifai, ya ji ɗan guntu, ya ɗaga, ya busa, ya mayar. Ba sautin kaɗai yake bi ba, har inda Tsoho ke jan numfashi, da inda muryarsa ke ɗan rawa.

“Kawu Tabarau,” matar takan ce daga bakin ƙofa, “malaminka dai bai san kana duniya ba, mu da muka sani muna jiranka ruwan wanka na hucewa.”

“Saura kaɗan,” yakan amsa.

Amininsa tun suna yara shi ne Bahago, direban motar kashe gobara, wanda kuma yake kaɗa ganguna a wata ƙungiyar makaɗa da ke wasa a zauren kulob ɗin ma’aikata duk Lahadi da la’asar. Bahago ya yi ta naci har Kawu ya yarda ya zo.

Suka ɗauki karin da ya fi sani. Da aka ba shi fili, ya lumshe ido ya zubo busar Tsoho daga farko har ƙarshe, ba tuntuɓe. Zaure ya ɗauki tafi. Bahago ya ji daɗi, ya ɗaga sanda ya yi wa sauran alamar a sake zagayowa, ya gyaɗa wa abokinsa kai. A nan gizo ya yi saƙa, domin a faifai daidai nan Tsoho ya tsaya. Kawu ya tsaya da saksofon a baki, yatsu a kan maɓallai, kansa fayau kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ganguna na tafiya, mutane na kallo. Mai fiyano ne ya karɓi kiɗan ya rufa masa asiri.

A waje Bahago ya tarar da shi yana ɗaure akwatin saksofon.

“Haba mutumina, me ya yi zafi? Ko kukan akuya ka busa ai da mun bi ka.”

“Ban isa ba tukuna. Sai na gama sanin abin da Tsoho ya sani.”

“Tsoho ya faɗi tasa ya tafi. Ni taka nake so in ji.”

“In na shirya zan zo.”

Bai koma ba. Bahago yakan tsayar da jar motarsa a ƙofar shago in sun dawo daga aiki, ya leƙo ya ce, “An shirya?” Kawu ya yi dariya ya nuna masa tarin gilasan da ke jiransa. Daga baya tambayar ta zama gaisuwa, daga baya kuma aka daina ta. Ƙungiyar ta ɗauki wani mabushi, wanda Kawu ya taɓa ji daga nesa ya taɓe baki ya ce hayaniya ce. Shi kuwa ya ci gaba da haddarsa, faifai bayan faifai. ’Ya’yansa suka tashi suna iya rera busar Tsoho ba tare da sun san mene ne ba, suka yi aure suka watse. Haƙoransa na gaba, waɗanda mabushi ke dafe bakin saksofon da su, suka fara girgiɗi, likita ya cire su ya sa masa na roba. Numfashin ma ya ragu.

Autarsa, wadda ke aikin jinya, ita ce ta zo wata ranar hutu da waya a hannu.

“Baba, ga mutuminka. An fito da sauran abin da suka ɗauka ranar da aka yi faifan nan naka, waɗanda ba a saki ba.”

Ya gyara zama. Karin ya fara yadda ya san shi, yatsunsa har sun soma motsi a kan gwiwa. Tsoho ya shigo, amma ta wata ƙofa. Inda ya saba hawa sai ya sauka, inda ya saba shiru sai ya zuba gudu. Ɗaukar da ta biyo baya ma daban. A wani har ya kuskure, saksofon ya yi ƙara kamar ƙofar da ba mai, aka ji shi ya yi dariya, ya maimaita kuskuren da gangan ya gina wani abu a kansa.

“Duk rana ɗaya?” Kawu ya tambaya.

“Haka aka rubuta. Lafiya, Baba?”

“Lafiya lau. Sake sa mini.”

Ya san tun farko cewa nan take ake ƙirƙirar busar, amma a kansa kawai ya sani. Sai yau ya ji a jikinsa cewa abin da ya shafe rayuwa yana gogewa kamar gilashi, mai shi busa shi ya yi ya wuce, ƙila kafin ya fita daga ɗakin ma ya manta.

Washegari ya ɗauki akwatin saksofon ɗinsa ya nufi gidan Bahago. Ya san abokin ya kwanta ciwo, amma bai zaci ya kai haka ba. Ɓarin jikinsa ya shanye, kuma na hagu ne, hannun da ya yi suna da shi. Yana zaune a kujera kusa da taga, an rufa masa zane a ƙafa.

“Yau wace rana?” in ji Bahago, maganar na fita a karkace. “Kai da kayan aiki?”

“Kaɗa mini ko da kujera ce.”

Bahago ya fara buga hannun kujera da damansa. Kawu ya sa saksofon a baki. Haƙoran roba na zamewa, iska na tsiyaya ta gefe, kuma duk inda ya juya sai ya faɗa cikin sawun Tsoho, ya janye, ya sake laluba. Abin da ya fito gajere ne, mai ɗingishi. Tari ya katse shi.

Bahago ya yi dariya da rabin baki, hawaye na bin ɗaya kuncin. “Ba daɗi,” ya ce. “Amma da haka kowa ya fara. Sai dai mu mun fara muna da haƙora.”

Sun sake haɗuwa haka sau kaɗan kafin Bahago ya rasu. Bayan nan Kawu ya goge saksofon ya ɗora a kan kabad. Idonsa ma ya yi rauni, ya bar shago.

Yanzu da hantsi yakan zauna a baranda da wayar da Auta ta bar masa. Ya daina tsayar da waƙa a tsakiya, kuma a karon farko ya fara jin sauran mutanen da ke cikin faifan. Ashe akwai mai ganga a bayan Tsoho yana tsokanarsa, shi kuma yana ba shi amsa. Ashe shirun da yake yi, wanda Kawu ya haddace tsawonsa, sauraron mai fiyano yake. Matarsa takan kawo shayi ta same shi ya sunkuyar da kai, ta ajiye kofin a hankali, ta jawo kujera ta zauna, su ji tare har waƙar ta ƙare.