Daɓen Katakon da Ya Kulle Ni a Ɗaki

Lokacin da abin nan ya faru na haura shekara hamsin, ban daɗe da fita takaba ba. Yaƙi ne ya taso ni daga Khartum, inda na yi duk zaman aurena, ya dawo da ni Gadarif, gidan da mahaifina ya bari. 'Ya'yana kowa na wata ƙasa. Mutanen unguwar da na sani ina yarinya wasu sun rasu, wasu sun tashi, ni kuma ba na son kallon tausayi, sai na rufe ƙofata. Ko maƙwabta sun yi sallama daga zaure nake amsawa.

Wata rana a kasuwa na ga ana sayar da barke, daɓen katakon nan da ake harhaɗa shi sala-sala, launinsa sak irin na ɗakinmu na Khartum. Na tsaya ina shafa shi har hawaye ya zubo. Na saya, aka kawo mini a karo, wato keken jaki. Mai shagon ya ce in nemi mai aikin, in kuwa na ƙi, to in daidaita simintin tukuna, in bar 'yar tazara a jikin bango. Ban so kowa ya shigo mini ɗaki ba, sai na ce zan koya a waya.

Na sha wuya. Simintin ya daddare, domin baƙar ƙasar garinmu ba ta barin gini ya zauna lafiya. In na haɗa wannan gefe, wancan ya ɓalle. Ba mai riƙe mini katako in yanka, sai in danne da gwiwa in ja zarto. Tafin hannuna ya yi bororo, nakan wuni ban dafa abinci ba. Wani lokaci sai in ji ina tambayar marigayi mijina ko layin ya miƙe. Tazarar kuwa na ga tana ɓata kyan aikin, sai na matse katakon da bango.

Da damina ta kankama, danshi ya taso, katakon ya kumbura. Wata safiya na ja ƙofa ta ƙi buɗewa, daɓen ya yi tozo ya tokare ta. Garin ja da ƙarfi bayana ya riƙe. Ba wuta, waya ta mutu, ruwan sha yana tsakar gida. Na rarrafa zuwa taga zan yi kira, a nan na gane ban san sunan ko mutum ɗaya a layin ba. Sallama kawai na yi ta rafkawa har la'asar, sannan matar gidan baya ta ji, ta kira mijinta ya haura katanga ya cire ƙofar. Tana ba ni ruwa ta ce, Hajiya, kullum muna jin bugun gudumarki, da ya ɗauke sai muka ɗauka kin yi tafiya.

Maganar nan ta fi ciwon bayan zama a jikina. Da a ɗakin na cika, haka za a ce na yi tafiya. 'Yan'uwa, duk mai son wannan daɓe ya gyara ƙasansa, ya bar wa katako wurin motsi, kada kuma ya yi aikin shi kaɗai. Wanda baƙin ciki ya sa ya ƙaurace wa mutane kuma, ya daure ya fita ya san sunan maƙwabcinsa tun yana da ƙafar zuwa.